Masu tambayata yadda ake zama mai sikanin, ga amsarku

Tun da maganar ta fita a gida cewa na cike fom ɗin karatun sikanin wayata bata huta ba. Ƙannena, 'ya'yan maƙwabta, har da wasu da rabona da su tun muna sakandare, kowa tambayarsa kusan ɗaya ce, Anti wai wata nawa ake yi mutum ya iya, sannan nawa ake sayar da na'urar. Ta biyun nan ita ke ɗaga min hankali wallahi, don duk wanda ya fara da kuɗin na'ura na riga na san inda ya dosa, shago yake so ya kama a Sabon Gari ko Tudun Wada ya kafa allo ya fara karɓar kuɗin mata masu ciki. Shi yasa nace bari in rubuta abin da na sani a wuri ɗaya, wanda ya sake tambaya in tura masa.

Ni dai rediyogirafi na karanta, fannin ɗaukar hoton asibiti, yanzu ina aiki a wata cibiyar gwaje-gwaje mai zaman kanta a nan Zariya. Aikina na kullum eksire ne, ƙirji, karaya, ƙashin baya, amma ɗakin sikanin yana jikin namu kuma duk sanda layi ya yi sauƙi can nake tarewa. A jami'a an koya mana sikanin, mun rubuta jarrabawarsa, mun ɗan taɓa na'ura lokacin zuwa asibiti, amma tsakani da Allah wannan bai isa ace mutum ya zauna shi kaɗai ya duba mara lafiya ya rubuta sakamako ya sa hannu ba. Shi yasa nake neman difloma ta gaba da digiri a kan sikanin ɗin kaɗai. Inda na nema ba zan faɗa ba tukuna sai sunaye sun fito, kun san mu da tsoron baki.

Bari in fara da abin da ya fi ci min rai. Zaka ga talla a Facebook ko a guruf ɗin WhatsApp, wai ka biya kaza a koya maka sikanin cikin mako 2 a baka satifiket mai tambarin zinare. Me ake koyarwa a mako 2? Yadda ake kunna na'ura, a shafa jel a cikin mai juna biyu, a nemo kan jariri, a ga zuciya tana bugawa, a danna maɓalli na'ura ta lissafo watanni da kanta. Wannan kam ko ɗan firamare ka nuna wa zai kwaikwaya. Abin da ba a koyarwa shi ne wanda ke kai mutane kushewa, cikin da ya zauna a wajen mahaifa wanda in ya fashe jini zai taru wa mace a ciki kafin kowa ya ankara, mabiyiyar da ta sauko ta toshe bakin mahaifa, 'yan biyu ace ɗaya ne, ruwan da jariri ke kwance a ciki ya ƙafe ba a lura ba.

Kuma ga inda sikanin ya bambanta da sauran hotunan asibiti, in ba a gane wannan ba duk sauran bayanin nawa aikin banza ne. In na ɗauki eksiren ƙirji, ko da ni ban ga komai ba hoton yana nan, likita zai ɗaga ya duba, gobe wani kwansaltan ya sake dubawa ya ga abin da ya kuɓuce mana. Sikanin ba haka yake ba. Inda hannunka bai kai ba babu shi a hoto, kwata-kwata babu, ɗan hoton nan da ake liƙawa a jikin takardar sakamako abin da kai ka zaɓa ka tsayar ne kawai. Ba wanda zai zo daga baya ya gyara maka. In ka rubuta komai lafiya likita ya yarda da kai ya sallami mara lafiya gida.

Na gani da idona. An kawo wata baiwar Allah daga wani ƙauye ta wajen Giwa, ciki ya kusa wata 8, tana ganin jini jefi-jefi ba ciwon komai, riƙe da takardar da aka bata a wani wurin sikanin, 'yan layuka ne a jiki, jariri ɗaya, yana motsi, wata kaza. Ko ambaton mabiyiya ba a yi ba. Ogan ɗakin sikanin ɗinmu yana ɗora na'ura a ƙasan mararta ya yi shiru, ya juyo min da sikirin, ga mabiyiya ta kwanta ɗare-ɗare a kan bakin mahaifa. Ya kira mijin yace Malam yau ba gida zaku koma ba, asibitin koyarwa na Shika zaku wuce yanzun nan, kuma kar a bari kowa ya sa mata hannu da sunan dubawa. Mijin ya fara cewa ai an yi hoto wancan watan ance lafiya lau. Shi a wajensa hoto hoto ne, ta ina zai bambance wanda ya iya da wanda bai iya ba?

To hanyar gaskiya wacce ce? A Najeriya hukumar da ke kula da masu ɗaukar hoton asibiti ita ce RRBN, an kafa ta da doka mai lamba 42 ta 1987, ita ke bada lasisi kuma duk shekara ake sabuntawa. Hanyar da aka fi bi ita ce ka karanta rediyogirafi a jami'a shekara 5, ka yi shekara 1 ta horo a asibiti, ka yi bautar ƙasa, sannan ka ƙara karatu na musamman a kan sikanin. Ita kanta hukumar tana da cibiyar horaswa a Legas da ke bada difloma a fannin, wasu jami'o'in kuma suna da mastas a hoton asibiti inda mutum zai karkata ta ɓangaren sikanin. A da sai ka tafi kudu, Inugu ko Kalaba ko Legas, kafin ka samu kwas ɗin rediyogirafi, yanzu alhamdulillahi akwai a Maiduguri, akwai a BUK, akwai a Ɗanfodiyo Sakkwato, ga kuma ABU a gida. Likitoci hanyarsu daban ce, su a cikin horon ƙwarewa na fannin hoto ko na mata da haihuwa suke koyon nasu.

Wadda take SS2 ko SS3 yanzu, ke shirinki ya riga ya fara ko kin sani ko baki sani ba. Kiredit 5 ake nema, Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, a JAMB kuma Turanci da sauran ukun na kimiyya zaki rubuta. Gurbin kaɗan ne masu nema da yawa, don da yawan waɗanda basu samu likitanci ba nan suke juyowa, kar ki je da makin da sai an nema miki alfarma. In JAMB ta ƙi akwai IJMB, karatun share fagen shiga jami'a, wadda ABU ɗinmu ce ma ke kula da ita. Amma fiziks ɗin nan da kuke gudu kuna cewa ai ni asibiti zan yi aiki ba injiniya zan zama ba, ku dawo ku rungume shi, don zai biyo ku har cikin ɗakin sikanin.

Shi na fi ba lokaci a shirin da nake yi, bayan isha'i in yara sun kwanta in kuma an yi sa'a akwai wuta. Asalin abin sauti ne, ba irin hasken eksire bane. Kunnen mutum ba ya jin abin da ya wuce girgiza 20,000 a sakan ɗaya, na'urar sikanin kuwa daga miliyan 2 take farawa zuwa sama da miliyan 15. A cikin abin nan da ake gogawa a jikin mutum, furob muke ce masa, akwai wasu ƙananan duwatsu na musamman da in lantarki ya shige su sai su girgiza su fitar da sauti, in sautin ya dawo ya buge su kuma su mayar da shi lantarki, wasu 'yan'uwa biyu a Faransa, Pierre da Jacques Curie, suka gano wannan tun 1880. Wanda ya taɓa hawa dutsen Kufena ya ƙwala kira ya ji muryarsa ta dawo ai ya san rabin karatun, in dutsen na kusa nan take zata dawo, in yana nesa sai ta ɗan jima. Haka na'urar ke yi, ta aika sauti ta lissafa tsawon lokacin da ya yi kafin ya dawo, ta ɗauka a naman jiki yana gudun mita 1540 a sakan, da haka take sanin zurfin kowane abu ta zana shi a sikirin.

Daga nan komai ke fitowa. Me yasa ake shafa jel? Don in akwai iska ko yaya take tsakanin furob da fata, fiye da kashi 99 cikin 100 na sautin a nan zai juya, ba abin da zai shiga. Me yasa ake sa mata su yi ta shan fiya wata suna zaune a benci suna matse-matse? Don ruwa yana barin sauti ya wuce, cikakkiyar mafitsara kuma tana ture hanji mai iska gefe ta buɗe hanyar ganin mahaifa. Me yasa na ciki muke ɗaukar furob mai lanƙwasa na miliyan 3 zuwa 5, na wuya da nono kuma miƙaƙƙe na miliyan 7 zuwa sama? Don mai yawan girgiza hotonsa ya fi fitowa tar amma ba ya nisa, mai ƙaranci yana nutsawa can ciki amma hoton da ɗan dishi-dishi. Hatta ja da shuɗin nan da mutane ke gani su ce ga jini mai kyau ga mara kyau, ba haka bane, a yadda aka saba saita na'ura ja yana nufin jinin yana tahowa wajen furob, shuɗi yana tafiya, ƙa'idar Doppler kenan ta 1842. In baka san waɗannan ba na'ura zata shara maka ƙarya ka kwafa ka rubuta, don tana nuna abin da babu shi, inuwa ta zama ƙari, ƙari ya ɓuya a inuwa.

Anatomi ma sai na koma na sake shi, amma ba irin wanda muka haddace don jarrabawa ba. A littafi hanta a zane take gaba ɗayanta da launi da suna a gefe, a sikirin kuwa yanka-yanka kake ganinta, fari da baƙi da toka-toka, kuma da ka ɗan karkata hannu yankan ya canza. Ga ma'auni da za a riƙe a ka, ƙodar babba wajen santimita 9 zuwa 12, bangon madaciya kar ya wuce milimita 3, saifa in ta haura santimita 13 to ta kumbura. Sai kuma cututtukan wurinmu, don littattafan nan ba don mu aka rubuta su ba. Mai sikila zaka ga dutse a madaciyarsa tun yana matashi, saifarsa kuma in ya girma ta ƙanƙance wani lokacin ka neme ta ka rasa, yaron da ke wanka a kududdufi yana fitsarin jini bangon mafitsararsa zai yi kauri saboda tsargiya, ga ciwon hanta nau'in B da ya yi mana katutu, mutum zai shigo da ƙafarsa hantar ta riga ta motse.

Amma wanda ya fi duka shi ne hannu, shi kuma ba a samunsa a littafi ko YouTube, sai da wanda zai tsaya a kanka. Ranar da na samu Oga nace inaso in riƙa zama a bayansa bai ce eh ba bai ce a'a ba, kujera kawai ya nuna min. Na daɗe ina kallo ina goge jel ina kiran suna kafin ya fara miƙo min furob, shi ma sai ya gama nasa duban ya nemi izinin mara lafiya, Baba 'yarka ce tana koyo, ka yarda ta ƙara dubawa? Yawanci sai su ce ba komai Allah ya bada sa'a. Sai ya koma bayana ya harɗe hannu. Me kike gani? Nace Oga hanta. Yace hanta ta ina, a tsaye kika yanka ko a kwance, kan mutumin yana wane gefen sikirin? In na sunkuya yace hannunki ba zai gudu ba, sikirin zaki kalla. Akwai wani ɗan tudu a gefen furob, in ka juya shi duk hoton ya juya, dama ta koma hagu. Haƙarƙari ya tare maka hanya sai kace wa mutum ya ja numfashi ya riƙe hanta ta sauko, ko ya juya ya kwanta ta gefen hagu, mai ƙiba kuwa sai ka danna har kafaɗarka ta amsa. Abin da Oga ya tsana ya ji shi ne ace masa ban ga komai ba. Yace akwai rashin gani don babu, akwai rashin gani don iska ta rufe, kuma dole takarda ta nuna wanne ne, in fankiriyas, gaɓar nan da ke kwance bayan tumbi, ta ɓuya a bayan hanji ki rubuta bata ganu ba, kar ki kuskura ki rubuta lafiyarta ƙalau.

Ƙanwata ce ta zama abin gwajina in ta biyo ta wurin aikinmu da yamma bayan an tashi. Ranar Litinin ko Alhamis in tana azumi madaciyarta cike take fam, baƙa wuluk a sikirin, ran da ta cika ciki da ƙosai kuwa sai ta motse in yi ta nema, nan na ga dalilin da yasa muke ce wa mutane kar su ci komai na awa 6 zuwa 8 kafin hoton ciki, abu mai maiƙo yana sa ta matse ta zubar da ruwanta. Masu ciki dai ba ma gwaji da su haka kawai, duk da ba hasken eksire bane ƙa'ida ita ce kar a daɗe ba dalili, musamman Doppler a kan ƙaramin ciki.

Irin karatun da nake nema lacca ɓangare ɗaya ce kawai, sauran a asibiti ne, da logbuk da zaka riƙa rubuta duk wanda ka duba wanda ya fi ka ya sa hannu. To in ka samu gurbi baka da wurin da ke da na'ura da marasa lafiya iri-iri da wanda zai tsaya maka, ina zaka cike shi? Na san waɗanda suka biya kuɗi suka gama lacca suka dawo suna yawo asibiti-asibiti suna roƙon a basu ko awa ɗaya, wasu har suka ƙare da neman a sa musu hannu a kan abin da basu yi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, ka nemi wurin tun kafin ka sayi fom. Kuma ka duba inda ba masu ciki kaɗai ke zuwa ba, don in duk logbuk ɗinka awon ciki ne, ranar da aka kawo maka dattijo fitsari ya tsaya masa ko yaro da kumburin wuya zaka raina kanka.

Awon cikin ma ba ƙaramin karatu bane fa. A watanni ukun farko tsawon ɗan tayin ake aunawa daga kai zuwa mazauni, lokacin ne lissafi ya fi daidai, kuskuren bai wuce kwana 5 zuwa 7 ba. Daga baya sai faɗin kai, kewayen kai, kewayen ciki da ƙashin cinya, in ciki ya tsufa kuskuren zai iya kai mako 3, shi yasa wadda bata zo ba sai a wata 8 zata riƙe ranar da na'ura ta bata ta dawo tana rigima wai sikanin ya yi ƙarya. Hukumar lafiya ta duniya tun 2016 ta bada shawarar kowace mai ciki ta yi sau ɗaya kafin mako 24, mu kuma a nan da yawa sai sun ji wani abu ba daidai ba, ko suna son a gaya musu mace ce ko namiji don a san kalar kayan da za a saya.

Takardu kuwa ku fara tattarawa da wuri. Kusan ko'ina abin da za a nema ɗaya ne, shaidar digiri, tiranskirif, lasisi na shekarar da ake ciki ba na bara ba, takardar gama bautar ƙasa, sakamakon WAEC ko NECO, hotunan fasfo, da wasiƙar waɗanda suka san aikinka. Tiranskirif shi ne ɗan rigima. Jami'ar da na yi, ba a garin nan take ba kuma ba zan kira suna ba, sai da na haɗa da wani ɗan ajinmu da ke zaune can yana leƙa ofishin yana gaishe su kafin fayil ɗina ya tashi daga wannan teburin zuwa na gaba. Sannan ku baje takardunku a tabarma ku duba suna da ranar haihuwa ɗaya bayan ɗaya, wata ƙawata a WAEC an rubuta sunan mahaifinta iri ɗaya, a digiri wani iri, a NIN kuma an sa mata watan haihuwa daban, sai da ta je kotu ta yi takardar rantsuwa ana gab da rufewa. In a kafe zaku cike ku tsaya a kan yaron ku karanta kowane layi kafin ya tura, imel da lambar waya naku za a sa ba nasa ba. Duk wanda ya turo lambar asusunsa yace shi zai shigar da kai, ka gudu. Kafin ma ka biya ko sisi ka tambayi RRBN ko sun san da wurin, satifiket ɗin da hukuma bata amince da shi ba adon bango ne.

In akwai intabiyu ko jarrabawar shiga, fiziks da anatomi ɗin nan ne zasu dawo. Oga yace in aka tambaye ki me yasa kike son karatun kar ki ce musu kina so ki taimaki al'umma, kowa haka zai ce har wanda na'urarsa ke kan hanya daga Chaina. Ki faɗi abin da aka duba a gabanki, me kika iya, me ya gagare ki.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa a fom. Aikin yana cin jiki, wuni guda hannun dama a miƙe yana dannawa na hagu yana kan maɓallai, wuya a karkace, ɗaki da duhu, mafi yawan waɗanda suka daɗe a aikin zaka ji suna kukan kafaɗa ko wuyan hannu, Oga ma da man zafi a durowarsa. Sannan zuciya. Mace ta shigo da fara'arta uwar mijinta na biye da ita, ka ɗora furob ka ga ba bugun zuciya, ita kuma idonta yana kan fuskarka ba kan sikirin ba. Ba zaka yi mata ƙarya ba, ba kuma zaka jefa mata magana tana kwance riga a ɗage ba. Ka sake dubawa da kyau, ka kira wani ya tabbatar, ka bari ta tashi ta gyara jikinta, sannan a san yadda za a faɗa da yadda za a haɗa ta da likitanta a ranar. In kin san komai a fuskarki yake fitowa ki fara koyon riƙewa tun yanzu.

Duk da haka ina kiran 'yan mata su shigo. Sau da yawa mace zata zo an rubuta mata hoton nono, ko wanda ake yi ta ƙasa don ganin ƙaramin ciki ko gidan ƙwai, tana leƙowa ta ga namiji ne tace bari ta je ta dawo, ba dawowa zata yi ba, wani lokacin ma mijin ne zai ce ba a yi ba. Ni da nake koyo ma in suka ganni a ɗakin zaka ga jikinsu ya saki, wata dattijuwa har hannuna ta riƙe tace 'yar nan ke ki yi min mana. Nace Iya ban kai ba tukuna, amma ina nan tsaye ba inda zani.

Masu tambayar waje, a Amurka tsarin daban ne, can mutum zai iya shiga makarantar sikanin ya yi wajen shekara 2 ba sai ya bi ta rediyogirafi ba, sannan ya rubuta jarrabawar ARDMS, hukumar da ke bada shaidar ƙwarewa a sikanin, ita ma da takardar fiziks tata daban. A Ingila yawanci bayan digiri ake ƙara karatun, kusan irin namu. In kuna karanta bayani a intanet ku duba na wace ƙasa ne tukuna.

Saura kuɗi da gida. Kuɗin makaranta ba shi kaɗai bane, akwai mota, masauki in wurin ba a garinku yake ba, data, littattafai, ga albashin da zai iya tsayawa. Ni adashe na shiga tun bara na roƙi uwar adashe ta bani kwasar ƙarshe don ta zo daidai da lokacin biya. Abban yara ya amince tun farko, Hajiyarsa ce sai da aka bi ta a hankali, tambayarta ɗaya wa zai riƙe yaran in na tafi lacca, da Ummanmu tace a kawo mata su Tudun Jukun maganar ta mutu. Wanda ya rage shi ne mai wurin aikinmu. Ya yarda ya bani hutun karatu, har yace in ci gaba da cike logbuk da na'urarsa, amma da sharaɗin in sa hannu zan dawo in yi masa aiki na wasu shekaru bayan na gama, in kuma na tafi kafin lokacin in biya shi. A kan yawan shekarun ne bamu daidaita ba, shi yana ja sama ni ina ja ƙasa. Takardar tana jakata yanzu haka, Baba yace kar in kuskura in sa hannu sai Yayanmu lauya ya zo ranar Asabar ya karanta ta.